Jan Farce a Ƙarƙashin Batir

Zaituna ce ta kawo mini zancen, kamar yadda ta saba kawo mini kowane zance tun muna ɗaki ɗaya a jami'a a Zariya. Ta shigo gidana a Gwarinpa wata ranar Talata, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce wai akwai wani mutum a Paikon Kore, can bayan Gwagwalada, da yake tayar da matattun kwamfutoci. Laftof ɗin da masu gyara suka ce a jefar, sai ya kwance ta, ya share cikinta, ya zuba mata wata manhaja ta kyauta mai suna Linux, ta tashi. Jikar Zaituna ta kai tata, ga ta nan tana rubuta furojet da ita. Yanzu ɗalibai da ma'aikatan gwamnati sai tururuwa suke yi can.

Na ce, "Kyauta? A Abujar nan?"

"Manhajar ce kyauta. Aikin hannunsa kuma ki ba shi abin da ya sauwaƙa. Wasu sun ce ta sata ce, wasu sun ce Turawa ne suke leƙen asirin mutane da ita. Ke da kika iya ƙaryata kowa, ai sai ki je ki ƙaryata."

"Wane ne shi?"

"Oga Zak suke ce masa. Zacharias wani abu. Kure, ina ji."

Na ajiye kofin shayina a hankali. Na san Zacharias Kure. Da bakina aka kore shi daga aiki.

A shekarar 2013 ke nan, lokacin da kuɗin mai suke ambaliya, kowace ma'aikata tana canza kujeru da labule da motoci. Ni ce mataimakiyar darakta mai kula da kayan aiki a tamu. Muna da laftof casa'in, baƙaƙe masu kauri, duk iri ɗaya. Sun fara nauyi, ana kunna su sai an gama cin kumallo kafin su buɗe. Injiniyan ɗan kwangila ya zo da kwat ɗinsa ya duba, ya ce sittin sun gama yawo, sabuwar manhaja ba za ta hau kansu ba, sai dai a sayi sababbi.

Ni mace ce da ba ta karɓar magana haka nan. Na taɓa mayar wa likita takardar magani na ce ya sake karantawa, kuma ni ce da gaskiya. Amma wannan na karɓa ba tare da na tambayi komai ba, domin abu ne da kowa ya sani: sabo ya fi tsoho, kuma abin da ba a biya kuɗinsa ba, ba shi da inganci.

Zacharias ƙaramin ma'aikaci ne a sashen kwamfuta, siriri, mai yawan kawo shawarar da ba a nema ba. Ya rubuto mini takarda shafi biyu. Ya ce injinan lafiyarsu lau, manhajar ce ta yi musu nauyi. A ba shi mako uku da sukurudireba, zai sa musu wata mara nauyi wadda ba a saye. Na karanta har ƙarshe, wannan dai na yi. Sannan na rubuta a ƙasa da jan biro: "Gwamnati ba ta aiki da kayan kyauta." Har daɗin jimlar na ji, na maimaita ta a wurin taro aka yi dariya.

Da yake sittin ɗin da za a zubar da talatin ɗin da za a bari kamarsu ɗaya, kuma ban yarda da masinjoji ba, sai na rufe ofis na yi wa matattun alama da kaina. Akwai kwalbar jan farce a durowata, tsarabar Dubai. Ba na shafawa saboda alwala, da ita nake yi wa makullai shaida. Na riƙa zare batirin kowace ɗaya ina rubuta harafin R a cikin ramin, ina mayarwa. Ban gaya wa kowa ba. Aka kwashe su zuwa sitonmu na Idu.

Bayan wata biyar aka ƙirga talatin ɗin da aka bari, babu tara. A makon kuma wani ya kai rahoto cewa ya ga laftof goma sha biyu masu tambarin ma'aikata a wata makarantar ƙauye, suna aiki, kuma Zacharias ne ya kai su. Tara da sha biyu ba ɗaya ba ne, amma kwamitin ladabtarwa bai tsaya kan wannan ba. Zacharias ya ce daga tulin Idu ya tsinto su ranar da 'yan gwangwan suka zo kwashewa, kuma Saleh mai kula da sito ne ya ce ya ɗauka. Saleh, da ya ga babu takarda, ya rantse bai san zancen ba. Sai shugaban kwamiti ya juyo gare ni.

"Hajiya Rakiya, waɗanda kika sa hannu a kan sun mutu, za su iya tashi?"

Da na ce a je ƙauyen a zare batir a duba, da magana ta ƙare a ranar. Amma saura wata bakwai in yi ritaya, kuma kwangilar sababbi sittin a kan sa hannuna take tsaye. Idan matattun suna aiki, to me na sa wa hannu? Na ce, "Ba sa tashi, ranka ya daɗe." Rabin zuciyata ma ta yarda da haka. Aka kore shi ba fansho ba sallama. Kwamfutocin kuwa ba wanda ya je ya karɓo su. Ba su ake nema ba, wanda za a ɗora wa laifi ake nema.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wancan rabin. Shi ya sa da Zaituna ta gama zancenta, na shiga ɗaki na ciro tsohuwar laftof ɗin marigayi maigidana, wadda masu gyara biyu suka ce ko sadaka ba ta yi ba. Na ce mata gobe da safe za mu je. Ba zan ɓoye ba, fatana shi ne ya kasa.

Muka bi ta Kubwa da Zuba, ni ke tuƙi, Zaituna tana yi mini wa'azi a kan gudu. Bayan Gwagwalada muka karkata, gonakin doya hagu da dama. Ba mu sha wahalar tambaya ba. Wata mai sayar da masara ta nuna mana da baki.

Ɗaki ɗaya ne jikin wani gida, da faifan sola a kan rufi. A ciki akwai dogon tebur, gwangwanayen madara cike da sukurori, da kantoci da aka jera laftof kamar littattafai. Mata biyu masu kama da malaman makaranta suna zaune a benci suna jiran nasu. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito masa a gemu. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe.

"Madam Rakiya," ya ce. "Sannu da zuwa. Gwamnati ya fara aiki da kayan kyauta ne?"

Zaituna ta dube ni. "Au, kun san juna?"

"Oga na ne," in ji shi. "Ku zauna, Hajiya. Kujera ɗin yana da ƙarfi, shi ma daga bola na tsinto."

Na miƙa masa laftof ɗin. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa kamar mai sayen kankana.

"Wannan mai kyau ne. Sukuru takwas, ko ke za ki iya buɗewa. Na yanzu da gam suke manne su, batir ya kumbura sai dai ki yi masa jana'iza. Sababbin da kika sayo mana, nawa suka rage?"

"Na ji an ce ko ɗaya."

"Shekara uku suka yi. Ina samun labari."

Ya kwance ta a gabana. Fankar ciki ta cushe da datti har ta yi kamar auduga, ya share da tsohon buroshin haƙori. Ya cire faifan ajiyar, ya nannaɗe mini shi a takarda ya ce hotunan Alhaji suna ciki, kada in yar. Ya sa wani, ya soka filashi a gefe. Zaituna ta matso da kujerarta.

"Oga Zak, tsakaninka da Allah, ba ta sata ba ce?"

"Hajiya, yaya za a saci abin da masu shi suka ce kowa ya ɗauka? Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suke rubuta ta, cikinta a buɗe. Wanda ya iya zai karanta, ya ga kuskure ya gyara."

"To, su me suke ci?"

"Wasu ana biyansu. Wasu kuma irina ne, masu kawo shawarar da ba a tambaye su ba."

Kafin azahar allon ya kawo haske. Ya juyo mini da ita ya ce in rubuta wani abu. Na rubuta sunana. Har ƙ da ɗ da ɓ ya nuna mini inda suke, waɗanda na yi shekara talatin a ofis ina maye gurbinsu da k da d da b. Zaituna ta ce, "To, malamar musu, sai yaya?"

Na ce, "Zacharias, sha biyun nan. Suna nan?"

Ya daina abin da yake yi. Matan nan biyu sun riga sun karɓi nasu sun tafi.

"Bakwai suna aiki. Biyar na cinye su, da kayansu nake ciyar da bakwai ɗin. Makaranta tana hutu, suna nan na kawo su wanka." Ya nuna kantar ƙasa. "Kin zo karɓa ne?"

"Ba ni ɗaya."

Ya ɗora mini ita a cinya. Nauyinta bai canza ba. An kankare tambarin ma'aikata, wani yaro ya zana ƙwallo a wurin. Na kifa ta. Maɓallai biyu ne a baya, ka tura ɗaya hagu ka tura ɗaya dama. Yatsuna ba su manta ba. Batirin ya zame. A cikin ramin ga R ɗina, janta ya koma kalar zoɓo, da ɗan lanƙwasar da nake yi wa ƙafarta tun ina firamare.

Na ce ya ba ni sauran. Na zare su ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro gawarwakin biyar ɗin daga kwali, su ma na duba. Sha biyu cif.

"Wannan jan abu?" ya ce. "Na sha gani. Na ɗauka alamar kamfani ce."

"Ni na rubuta. Duk wadda na tura Idu sai da na yi mata."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Ranar kwamiti kin san da shi?"

"Na sani."

Bai yi faɗa ba. Na so a ce ya yi. Ya ɗauki batiran yana mayar da su ɗaya-ɗaya, kowanne sai ya ji ya yi ƙas kafin ya ajiye.

Na ce, "Zan rubuta. Zan je kotu in yi rantsuwa, in kai takardar da kaina."

"Ki kai wa wa, Madam? Sau biyu ana haɗe ma'aikatar da wata. Shugaban kwamiti ya rasu. Saleh ya koma garinsu. Fayil ɗina na bi shi shekara huɗu, sun ce ruwa ya ci. Ki rubuta idan zai sa ki yi barci, ba zan hana ki ba." Ya ɗaga haɓa wajen taga. "Kin ga wancan tsohuwa?"

A gindin bishiyar mangwaro wata tsohuwa ce zaune a kan turmi da aka kifa, tana ɓare gyaɗa a faranti.

"Mamana. Da doya ta biya mini makaranta. Tun ranar da takardar kora ta zo, a bencin baya take zama a coci. Ba ta taɓa tambayata ko na yi ko ban yi ba. Amma ɗakin nan, shekara sha ɗaya, ƙafarta ba ta taɓa shiga ba. In na saya mata zane, sai ta ce da kuɗin gona ne ko da kuɗin waɗancan."

"Tana jin Hausa?"

"Ta fi ni. Shekara arba'in tana kasuwar Gwagwalada."

Na miƙe. Na ɗauki laftof ɗaya na sake zare batirin, na fita da ita cikin rana. Tsohuwar ta ɗago ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, ta janye farantinta gefe. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Babu kujera, na durƙusa a kan ɓawon gyaɗa, na nuna mata jan harafin.

Na ce, "Mama, sunana Rakiya. Ni ce shugabar ɗanki a wurin aiki. Wannan rubutun hannuna ne, na yi shi a kan kayan da muka zubar. Daga cikinsu ya ɗauka. Na san hanyar da za a gane haka, aka tambaye ni, na yi shiru a kanta. Kwamfutocin ba su mutu ba. Zacharias bai saci komai ba."