Zaren Goggo Atu

A Jabo an yi wani mutum ana ce da shi Maccido, tun Nasara bai san hanyar Sakkwato ba. Noma ya gada, amma noma bai dame shi ba. Abin da ya iya shi ne musaya. Ka ba shi allura da safe, kafin la'asar ta zama wuƙa, kafin kasuwa ta sake ci wuƙar ta zama zakara. Bai taɓa ƙwace na kowa ba, wannan kam a faɗi gaskiyarsa. Yakan duba abin da mutum ke buƙata yau ya kawo masa, ya karɓi abin da mutumin ba zai nema ba sai gobe. Mutane na dariya suna yabonsa, yabon ya hau masa kai.

Goggo Atu yayar ubansa ce, ita ta goye shi da uwarsa ta rasu. Ba ta haihu ba. Da tsufa ya kama ta sai ta yi abin da tsofaffin mata na wancan zamani ke yi, ta fara kaɗin zaren likkafaninta da hannunta. Audugar daga 'yar gonar da mijinta ya bar mata a bayan gida take tsinko ta. Ita ke gurza, ita ke shiɓa, ita ke murza mazari. Damina uku tana wannan aiki, ido na raguwa, yatsu na sandarewa. Ranar da ta gama ta ƙulle zaren cikin tsumma, ta haɗa da kaji biyu ladan saƙa, ta kira Maccido ta ce ya kai wa Na'iya masaƙi a Tambuwal. Ta gaya masa ko zaren mene ne. Bai tafi cikin rashin sani ba.

Ya isa Tambuwal ranar kasuwa. Kafin ya kai rumfar masaƙa ya tarar da wani falke, Ɗangiwa, zaune kan kanwar da ayari ya sauke masa, ba mai saye. Ɗangiwa ya ga bakin ƙullin, ya ja silin zare ɗaya, ya ce rabonsa da ganin kaɗi mai laushi haka tun yana yaro. Ya yi tayin kanwa, kayan kai guda. Maccido ya san Fulanin da ke hanyar Kebbe na neman kanwa ido rufe saboda shanunsu. Ya ce a ransa, zare zare ne, fari fari ne, in ya juya wannan sau uku zai kawo wa Goggo likkafanin da ko matar sarki ba ta samu ba, har da ƙari. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya miƙa ƙullin.

A ruga kanwa ta zama raguna biyu ramammu. Ya zauna Kebbe gidan wani abokinsa yana tura musu harawa da dusa har Layya ta matso, ya ba da su ya karɓi jaki da tulun zuma. Zumar ta zama farin saƙi mai faɗi. Jakin ya kora shi Fakku, inda wani manomi ke da hatsi ba abin ɗauka, ya fito da karsana ja mai farin goshi. Wata uku ke nan. Ko sau ɗaya bai aika gida ba.

Ya shigo Jabo da hantsi yana jan karsana, saƙi a kafaɗa, mutane na fitowa kallo. Ya tarar da Goggo a ƙofar ɗakinta tana shan rana. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya shimfiɗa saƙin a cinyarta, ya fara ba ta labari tun daga kanwa. Ta bar shi har ya kai karsana. Sannan ta shafa saƙin, ta tambaye shi wa ya noma audugarsa. Ya ce bai sani ba. Wa ya kaɗa, an biya ta ko ba a biya ta ba? Ya ce bai sani ba.

Ta ce, "Maccido, ni ba kyawo nika nema ba. So nika in kwanta cikin abin da na san babu haƙƙin kowa ciki nai. Ɗauke wanga. Ina nawa?"

Matan gida na tsaye suna ji. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ta ɗaga hannuwanta ta nuna masa yatsun, sun lanƙwashe kamar ƙaho, ta ce da waɗannan ba ta iya sake damina uku.

Washegari ya ja karsanarsa ya koma Tambuwal. Ɗangiwa ya ce zaren ya daɗe da zuwa wurin masaƙi, kuma Na'iya ɗin nan dai shi ya saƙa shi, an kai marina shekaranjiya. Maccido ya bi Ɗangiwa har can da gudu-gudu. Sunka tarar da marina cike da mutane, masu rini na tsaye bakin ramuka, masu bugu na bugu. Babban marinin, Lauwali, ya sa sanda ya ɗago wani zane daga cikin ruwan baba, yana ɗiga, baƙi wuluk. Ya ce ga shi nan, tsomi na fuɗu ke nan.

Maccido ya tambaya ko akwai dabarar da za a mai da shi fari. Marina ta kwashe da dariya. Wani ya ce a kai shi gulbi a wanke shekara bakwai, wani ya ce ai mai musaya ne, ya musanya baƙin da fari mana. Lauwali bai yi dariya ba. Ya ce tun kakansa ba a taɓa jin abin da ya shiga baba ya fito fari ba, kuma me ya sa mutum zai zo da karsana yana neman zane ɗaya? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban masu rini da masu bugu da masu jiran kayansu Maccido ya faɗi ko zaren wa ne, da abin da anka kaɗa shi dominsa.

Bugu ya tsaya. Ɗangiwa ya yi salati, ya ce da ya sani ko kanwar Borno duka anka ba shi ba ya taɓa ƙullin nan. Maccido ya miƙa masa igiyar karsana. Ɗangiwa ya mai da hannuwansa baya.

Ya ce, "Riƙe abinka. Ni ba ni cin riba bisa likkafanin tsohuwa. In ya bushe ka ɗauka ka kai mata, ka ce Ɗangiwa na roƙon gafara."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

Goggo ta karɓi baƙin zanen ta bi shi da yatsu, ta ce nata ne, ga inda ta riƙa ƙulli lokacin da zazzaɓi ya kama ta. Ta ce tunda ba ya zuwa kabari, sai ta ɗaura shi a duniya. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce a ɗauko mata sauran audugar bana da mazari, shi kuma ya zauna ya gurza, don hannunta ba ya iya danna ƙarfe bisa dutse.

Haka Jabo ta ga magidanci mai gemu zaune tsakar gida cikin mata, yana fitar da angurya daga auduga. Masu wucewa na leƙowa ta kan darni. Abokansa sunka daina kiransa fira. Karsanar na ɗaure a turke, ba wanda ya taya, don kowa ya san da abin da anka samo ta. Goggo na kaɗi a hankali, zaren na fita da kauri, yana tsinkewa, tana ƙullawa. Ba ta kai ko rabin falle ɗaya ba ciwo ya kwantar da ita. Matan unguwa sunka karɓi mazarin, kowace ta kaɗa abin da ta iya daga audugar gonar. Maccido ya kai wa Na'iya da ƙafarsa, ya zauna gefen masaƙa kwana biyu, bai ko leƙa kasuwa ba.

Ta rasu kafin ruwan farko. Da anka kai ta makwanci, liman ya ce na kusa da ita ya sauka ya karɓe ta. Maccido ya ja da baya, ya ce a samu wani. Liman ya ce ba ta da wani.

Ya sauka. Da anka miƙo masa ita, tafin hannunsa ya faɗa kan saƙin, ya ji inda zarenta mai ƙulli ya ƙare, na mutane ya fara. Nata zaren bai kai ko ƙugunta ba.