Wushiryar Barakatu

Ranar da akuya ta cusa kai cikin tukunyar dusa ta kasa fitar da shi, duk gidan Malam Ɗanliti ya kwashe da dariya, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Matarsa Barakatu ma ta dara, amma da gefen zane a bakinta. Malam yana gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ga akuyar, ya ga zanen, kuma zanen ne ya tsaya masa a rai.

Shi ba mutum ne mai dariya ba. Duk Ketare an san shi, in ya doso masallaci har manya kan gyara zama. Bai taɓa kiran matarsa da sunanta ba, "ke" ce tun ranar da aka kawo ta. Amma akwai wushirya a bakin Barakatu, 'yar siririyar ƙofa tsakanin haƙoranta na gaba, kuma saboda ita ya yi ta zarya zuwa Damari, garin su Barakatu, a kan keke yana saurayi. Sayen maraƙi ya kai shi, maraƙin ya fizge igiya ya kayar da shi gaban 'yan mata masu tallar fura, ɗaya daga cikinsu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya dube ta da murtukakkiyar fuskar nan tasa, ya ce, "Yarinya, ki kula da haƙoran nan." Iyakar zancen soyayyar da ya taɓa yi ke nan a duniya.

'Yarsu Shafa'atu ce ta tona asirin, da ta zo ganin gida daga Faskari. Ta lura uwarta tana runtse ido in ta kurɓi ruwan randa, ta matsa mata har ta ɗaga leɓe. Dasashin ya ja baya kamar gaɓar rafi bayan damina. Haƙoran gaba sun yi tsawo, saiwarsu a waje, rawaya. A asibitin Kankara aka duba aka ce wannan sai Katsina. Washegari aka ga Malam ya sa babbar rigarsa ta tafiya.

Likitar haƙorin mace ce mai suna Esther, Hausarta tsaf irin ta mutanen kudancin Katsina, tana kiran Barakatu Goggo kamar a gabanta ta girma. Ta daɗe tana leƙen bakin da ɗan madubi, sannan ta yi bayani. Haƙoran dai ba su mutu ba, amma naman da ke riƙe da su ya zaizaye, in an bar su haka za su fara girgiza, su zube. Maganin shi ne a yanko ɗan nama kaɗan daga ganɗa, wato rufin baki, a ɗinka shi inda dasashin ya gudu, ya kama kamar yadda dashe ke kamawa a gona. Ta tambayi da me Goggo ke wanke baki. Barakatu ta ce gawayi da gishiri da asuwaki, safe da yamma, da kuma bayan kowane abinci, tana dirzawa sai ta ji hannunta ya gaji.

"Dirzar ce ta cinye naman," in ji likita. "Goggo, wa ya ce ki riƙa yi masu haka?"

Barakatu ta karkata haɓa wajen da mijinta ke zaune. Malam Ɗanliti ya sami wani abin kallo a jikin bango.

A mota, kan hanyar komawa, ta yanke hukunci. Ta ce ita ba za a yanka mata rufin baki da furfura a kanta ba. Ko kaza ba ta iya tsayawa a yanka a gabanta. Haƙora su zube, ba a kanta aka fara ba, za ta sayi magogin goro kamar sauran tsofaffi, ta sha kunu har Allah ya yi ikonsa. Shafa'atu ta yi lallashi, ta yi fushi, ta koma lallashi. Malam ya buɗe baki zai yi magana, ya ga abin da yake son faɗa ba shi da ƙofar fita. Ta yaya mutum kamarsa zai ce wa tsohuwa, gaban 'yarta da fasinjoji, shi wushiryar yake ji? Sai ya yi wa direba faɗan gudu.

Ya yi kwanaki yana juya maganar a gona. Can ya tuna shekarar da ƙanensa Sanusi ya faɗi a babur, aka ce ana neman jini, ya miƙa hannu aka ɗiba aka ƙara masa, ga Sanusi nan har yau yana noma. To in jini na shiga jikin wani ya zauna, me zai hana nama? Shi ma yana da ganɗa, kuma ba ya tsoron wuƙa. Abu ɗaya ne ya dame shi. Bakinsa ya sha goro tun kafin ya yi gemu, kuma ba zai ba matar mutunci jan nama mai ɗaci ba. Ranar ya ɗauki sauran goron da ke aljihunsa ya ba liman.

Barin goro bai zo masa da sauƙi ba. Kansa ya yi ta sara, yana gyangyaɗi a sahun azahar, ya yi wa jaki faɗa, ya yi wa kaji faɗa. Kullum da safe yakan zagaya bayan rumbu da asuwaki da buta, ya daɗe. Da ya ga abin ya yi, sai ya aika wa Shafa'atu ta zo, ya sanar da su cewa za a koma Katsina, domin an samu nama, ba za a taɓa rufin bakin kowa a cikinsu ba. Barakatu ta tambayi naman wa. Ya ce wannan ba huruminta ba ne.

Da aka kira su ɗakin likita, kafin kowa ya zauna, Malam Ɗanliti ya cire hula ya miƙa wa 'yarsa, ya tattare babbar riga, ya haye doguwar kujerar nan mai kwanciya. Ya gaya wa likita ta ɗebi iya abin da take bukata, kada ta yi rowa, kuma ba sai ta ɓata allurarta ba. Sannan ya wangale baki ya rufe ido.

Likita Esther ta juya baya tana gyara kayan da ba su bukatar gyara. Da ta juyo, cikin ladabi ta ce, "Baba, nama ba kamar jini ba ne. Naka ba zai kama a bakinta ba, jikinta zai ƙi shi. Sai nata."

"Shekara nawa muna cin tuwo ɗaya," in ji shi, idonsa a rufe. "A gwada dai."

Barakatu ta matso. Ba maganar ta ji ba, bakin ta gani. Haƙoran da ta sani jajaye tun ranar maraƙi sun koɗe, sun yi wani fari-fari mara kyan gani, kamar tsohuwar ƙwarya da aka kankare. Nan ta gane ciwon kan, ta gane faɗan jaki, ta gane abin da ake yi a bayan rumbu. Ta daɗe tana kallo.

"Tashi, Malam," ta ce. "Kujerar ba taka ba ce."

Aikin bai kai tsawon zaman da suka yi a layi ba. An yi mata allurar kashe zafi, aka yanko abin da bai fi ƙwayar kabewa faɗi ba, aka ɗinke da zare siriri kamar gashi. Malam yana waje a kan benci, carbi na gudu a hannunsa, ya ƙi ruwan da Shafa'atu ta kawo masa. Da aka fito, likita ta jero dokoki, shi kuwa ya karɓe su kamar karatun allo. Ba tauna, ba abu mai zafi, ba asuwaki a wurin, gawayi kuma har abada. Kada a ja leɓen don a leƙa. Kuma Goggo ta yi haƙuri da dariya har ɗinkin ya kama.

Shafa'atu ta kwana biyu ta koma ɗakinta. Matan gidan suka ce za su karɓi girkin, Malam ya ce tuwo nasu ne, amma kunun mara lafiya ba ya son hannu da yawa. Da hantsi aka gan shi tsugune gaban murhu, babbar riga a ɗaure a ƙugu, yana hura wuta hayaƙi na komowa idonsa. Mutumin da bai taɓa riƙe ludayi ba sai don sha. Kunun ya yi gudaji, ya tace shi da rariya, ya sake yin gudaji. Ya zuba a ƙwarya yana fifitawa da hularsa, yana tsoma ɗan yatsa yana jin ɗumin, fuskarsa a ɗaure kamar alƙali, toka a gemu.

Barakatu tana zaune a bakin ƙofa tana kallonsa. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta sa hannu biyu ta dafe leɓenta, hawaye na zubo mata.

"Ke," in ji shi. "Likita ta hana."

Kafaɗun suka ƙara rawa. Malam Ɗanliti ya ajiye ƙwaryar a gabanta, ya ja kujerarsa ya juya mata baya, ya fuskanci rumbu. Ya jira dariyar nan tun ranar akuya, zai iya ƙara jira. Yana nan zaune, ƙeyarsa a miƙe, yana sauraron ƙarar ludayi a jikin ƙwarya.