Jinin Mai Agogo

Mai agogo ne ya matsa wa matarsa su shiga binciken. Wani asibiti ne ke neman tsofaffi masu cikakken hankali, a ɗebi jininsu, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, a ga ko cutar mantuwa tana nuna alama tun kafin ta kama mutum. Shi kuwa ya daɗe yana lura da Malama tun da ta bar koyarwa: a gaya mata abu da safe, da rana ta rantse ba a gaya mata ba. Don kada ta tsargu, sai ya ce shi ma a sa da shi.

Ranar karɓar sakamako, suna zaune a kan bencin ƙarfe suna jira. Ya riga ya gama shiri a ransa: zai riƙa rufe shago da wuri, zai karɓe girki daga hannunta da dabara.

Likitar ta kira su ciki. Mace ce matashiya, ba ta da yawan murmushi.

"Tare za ku ji, ko ɗaya bayan ɗaya?"

"Tare," in ji mai agogo.

"To, Mama, jininki da hotonki lafiya lau. Kunnuwanki ne suka yi rauni. Abin da mutum bai ji ba, ina zai tuna shi? Za mu ba ki na'urar ji, don barin kunne haka shi ma yana gajiyar da ƙwaƙwalwa."

Malama ta harare shi. "Ka ji ko? Ashe kai ne ke magana ƙasa-ƙasa kamar mai bin bango."

Ya yi dariya, ya dafa gwiwa zai miƙe.

"Baba, ɗan zauna tukuna."

Ya koma ya zauna. Likitar ta juyo da kujerarta ta fuskance shi, ta ɗaga murya kaɗan saboda Malama. Ta ce akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa shekaru kafin mantuwa ta bayyana. A jininsa ya yi yawa, hoton ma bai musanta ba.

"Amma ai na cinye gwajinku. Duk kalmomin da kuka ba ni na maimaita, har da na baya zuwa gaba."

"Gaskiya ne. Yau ƙwaƙwalwarka garau take. Wasu suna ɗauke da wannan alamar har ƙarshen ransu, cutar ba ta taɓa su ba. Wasu kuma tana zuwa."

"Ni ina cikin waɗanne?"

"Ban sani ba, Baba. Akwai wanda ya taɓa yin ta a danginku?"

Malama ce ta amsa: "Yayarsa. Har 'ya'yanta ta daina ganewa." Shi tsufa yake kiran abin, bai taɓa ba shi wani suna ba.

Likitar ta ce gado ba ya gyaruwa, amma hawan jininsa da ya daina shan maganinsa, da sigari, da wunin zaune, duk suna hannunsa. Yana jin ta sama-sama. A zuci yana jero sunayen jikokinsa, daga babba zuwa ƙarami. Da ya zo kan ta tsakiya sai sunan ya ɗan maƙale, sannan ya dawo.

A bakin ƙofar asibiti ya tsaya. "Kada yaran nan su ji."

"Ba zan faɗa ba," in ji Malama, "amma in sun tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba." Ta sa hannu a aljihun rigarsa, ta zaro kwalin sigari, ta jefa a kwandon shara.

Ba su kai titi ba wayarsa ta yi ƙara. Babbar 'yarsu ce.

"Baba, yaya sakamakon Mama?"

"Lafiya lau. Kunne ne kawai."

"Kai, har na ji sanyi." Ta ɗan dakata. "To naka fa?"

Ya dubi Malama. Ta kawar da kai, ta bar shi da wayarsa. Mota ta wuce, wata ta biyo, 'yar tana ta "Baba? Baba, kana ji na?"

"Ina jin ki," ya ce. "Ki samu lokaci ki zo gida, ke da ƙannenki. Akwai maganar da nake so ku ji daga bakina."