Lambar Saje Dauda

"Mun kai, Sallau?"

"Saura kaɗan, Baba."

Karo na uku ke nan Sallau yana faɗin haka, kwalekwalen kuwa sai kewaya wuri guda yake yi. Saje Dauda na zaune a gaba, hannunsa a miƙe bisa ruwa, don idanun sun daɗe da mutuwa.

Tsohon Bazabarme ne. Daga Doso ya gangaro yana saurayi, Turawa suka kwashe shi zuwa yaƙin Bama. Da ya dawo ya sare wani daji a ƙasar Ngaski wanda ko maharba ke shakka, ya shuka gero, mutane suka biyo shi har wurin ya zama ƙauye. Nan ya binne matarsa Zulaihatu a gindin tsamiya. Da aka datse kogi a Kainji aka ce kowa ya tashi, sai ya hau tsamiyar ya kafe lambar yaƙinsa da ƙusa, ruwa ya zo ya shanye gona da kabari. Ba ɗa, ba jika. Duk shekara in ruwa ya ja, Sallau maƙwabcinsa a Wara, inda aka mai da su, kan kawo shi ya shafa lambar, ya yi wa matar addu'a.

Bana, shekara guda da samun jihar Kebbi, ruwa ya ja fiye da kullum, matattun itatuwa suka fito tsirara har mutum ya kasa gane su. Murja matar Sallau ta dami mijinta da ƙorafin itacen bandar kifi, shi kuwa Sallau, sarkin hanzari, ya shigo da gatari kwanakin baya ya cika jirgi har sau biyu. Sai yanzu da ya ga sabon sara a daidai inda tsamiyar take ya gane abin da ya yi.

Ya tuƙa zuwa wani kututture na kusa.

"Ga ta nan, Baba."

Tsohon ya yi bismilla, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya kai yatsun hancinsa.

"Wanga marke ne, ɗana."

"Ruwa na sauya icce, Baba."

"Shina sauya icce, ba shi cire ƙusa." Ya janye hannunsa. "Abokaina da munka binne Bama, ban san wurinsu ba. Wurin Zulaihatu ɗai na sani. Mai da ni gida."

Sallau ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, kunya ta hana shi. Ya juya jirgi suka nufi gaɓa.

Kwana huɗu tsohon ya yi yana kau da kai daga kunun da Murja ke kai masa. Ran na biyar da hantsi ya cika. Maƙwabta suka yi masa sutura, suka kai shi sabuwar maƙabarta a kan tudu, nesa da ruwa.

Bayan sadakar uku, Murja na kwashe tokar banda ta kira mijinta.

"Malam, taho ka gani. Mi ne wanga?"

Wani ɗan ƙarfe ne mai siffar tauraro, ya yi baƙi ƙirin, lanƙwasasshiyar ƙusa na maƙale a jikinsa. Sallau ya karɓa ya zauna a bakin bandar. Da sauran ɗumi a jikinsa.