Akwatin da Kafinta Ya Yi

Kafinta ne ya yi wa ƙungiyar masu sana'ar hannu akwatin zaɓe, shekara shida da suka wuce. Katakon maɗaci ya sa, ya tsaga masa baki daidai shigar takarda ɗaya, ya ɗaura kwaɗo biyu. Ta wannan akwatin ne ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Namu, ya kayar da masu manyan shaguna, ya zama shugaba. Namu kuwa ya yi aiki. Ya ƙwato filin da suke sana'a, ya ba kowa rumfa, har Kafinta.

Da wa'adinsa na biyu ya ƙare, sai ya kira taro da hantsi.

Kafin Kafinta ya fita matarsa ta tare ƙofa. "Baban yara, kada ka ja mana. Ka ga Tela, daga yin gardama bara aka karɓe rumfarsa, yanzu a bakin titi yake ɗinki."

Zauren ya cika maƙil.

"Ƙuri'ar ɓoye ta masu kuɗi ce," in ji Namu. "Talaka me zai ɓoye? Mai son in ci gaba ya ɗaga hannu, shi ke nan."

"Mu da ko aljihu ba mu da shi!" in ji Maƙeri. Aka bushe da dariya.

Kafinta ya miƙe. "Namu, akwatin fa?"

"Yauwa, Yaya, ka tuna mini! A kawo shi."

Mutum biyu suka ɗauko shi suka dire. Namu ya tattare riga ya haye kai, don ya hango na baya. Hannaye suka tashi kamar an ja su da igiya ɗaya. Ya bi layi-layi da ido, bai tsallake fuskar kowa ba, har ya iso kan Kafinta.

"Yaya, ciwon kafaɗa ne ya motsa?"

Kafinta ya tuna Tela da keken ɗinkinsa a rana. Ya ɗaga hannu.

Da aka watse Namu ya dafa shi. "Kai dai ka iya aiki, akwatin nan ko ƙara bai yi ba. Sai dai wannan tsagar tana kama mini takalmi. Toshe ta kafin taro na gaba."

Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunne, ya durƙusa ya auna tsagar.