Igiyar Yanjmaa

Ni na riga kowa ganin abin da kuɗin nan za su yi wa kwarinmu, ni da ban taɓa zama a aji ba. Zud biyar suka bi ta kaina, irin hunturun nan da ƙanƙara ke rufe ciyawa har dabba ta mutu a tsaye. A na farko fatar sirdi muka dafa muka ci, ga ni kuwa har yau ina hawa doki ba mai tallafa mini. Ranar da rediyo ya ce gwamnati za ta riƙa ba kowane mai rai dubu ashirin da ɗaya na kuɗinmu tugrik duk wata daga kuɗin ma'adinai, jariri da tsoho, mai garke dubu da marar ko akuya, na ce to, ba wanda zai sake cin sirdi, amma ku zuba ido a kan igiya. Aka yi mini dariya. Ga abin da ya sami Yanjmaa.

Mijinta ya rasu ya bar mata dabbobi ɗari biyu da arba'in. Da su ta shiga hunturun zud na ƙarshe, ta fito da awaki uku da kare. Sati biyu ta yi tana jan mushe zuwa bayan tudu, har fatar tafin hannunta ta saɓule. Da ciyawa ta tsiro sai ta ciro igiyar gashin doki da ke rataye a bangon tanti, ta ari doki, ta kama hanya.

Tun kakanni, wanda zud ya share ba ya roƙo da baki. Zai shiga tantin maƙwabci, ya sha shayi, ya ajiye igiya a gefen murhu, a yi hirar yanayi. In ya fito, zai tarar an ɗaure masa tunkiya a jikin doki. Tanti goma, tunkiya goma, garke ya tashi ke nan. Yanjmaa da kanta ta ɗaure wa mutane bakwai a rayuwarta. Abin da take nema tumaki goma sha biyu ne kafin kaka, lokacin barbara. In ba ta samu ba, sai ta naɗe tanti ta bi ayari zuwa bayan birni, inda tsofaffin makiyaya ke tsintar kwalabe a bola.

Ta fara da Norjin, ƙawarta tun suna yara. Ba ta same ta a kwari ba. Norjin ta kafa tanti a bakin garin gunduma, kusa da banki, cikin shingen katako. Aka zuba shayi mai madara da gishiri, Yanjmaa ta ajiye igiya.

Norjin ta dubi igiyar, ta kau da kai. "Ke Yanjmaa, kin rame kamar sandar kiwo! Ci burodi mana, na kanti ne. Mu tara ne a gidan nan, kowa da rabonsa, har wannan mai majinar da aka haifa jiya. Wata huɗu ban taɓa nonon dabba ba, dubi hannuna."

"Ina sauran tumakinku?"

"Mun sayar. Baban yara ya sayi babur." Ta buɗe akwati, ta ƙirgo takardun kuɗi uku, ta ɗora a kan igiyar. "Riƙe wannan, 'yar'uwa. Kada ki ce komai."

Yanjmaa ta fito ta tarar da dokinta shi kaɗai yana kaɗa jela.

Haka ta yi ta yi kwana goma sha tara. Masu kirki suka ɗora kuɗi. Wasu suka tsallake igiyar kamar ba su gani ba. Wani tsoho da ta taɓa ɗaure wa tunkiya mai ciki ya ce mata, "Ai yanzu ba mai mutuwa da yunwa, 'yata. Gwamnati ta ɗauke mana wannan nauyin." Gaskiya kuma ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Buhun fulawa na nan a tantinta, ga shayi, ga gishiri, duk daga kuɗin. Cikinta a cike, shingenta wayam.

Ta haɗa abin da aka ba ta da nata na wata biyar ta je kasuwa. Tumaki sun yi ƙaranci, kowa kuma da kuɗi a aljihu. Abin da ke hannunta bai wuce na tunkiya biyu ba, ɗaya ma gurguwa.

Saura mutum ɗaya, Choijil, ƙanin mijinta, wanda ya kwashe garkensa zuwa arewa kafin ƙanƙara ya tsira da ɗari takwas. Ta same shi a bakin rijiya yana shayarwa. Ba ta jira shayi ba, ta jefa igiyar a gabansa.

"Yaya, da rana tsaka, a gaban mutane?" Ya yi dariya. "Ba kin zama ma'aikaciyar gwamnati ba? Albashinmu ɗaya da ke fa, ni ma dubu ashirin da ɗayan nake karɓa."

"Yayanka ne ya ɗora ka a doki ranar farko, Choijil."

"Ya ɗora ni, ya kuma kayar da ni. Ki koma gari ki huta, ƙafafunki sun tsufa. In na ba ki, gobe mutum talatin za su zo da igiya, kowa da littafin banki a ƙirji."

Yanjmaa ta sa hannu cikin rigarta ta ciro nata littafin. "To karɓi wannan. Shekara uku kana ɗaukar rabona. Tumaki goma sha biyu, da aron rago wata ɗaya."

Dariyar ta tsaya. "Me za ki ci?"

"Ba kai za ka ji yunwar ba."

"Goma."

"Sha biyu, kuma ni zan zaɓa. Na san halinka, za ka haɗa ni da marasa haƙori."

Washegari suka je banki ta sa hannu. Mutanen da ke layi suka bi ta da kallo, wata ta ce zud ya taɓa mata kai.

Ta shiga hunturu da rabin buhun fulawa. Kafin sabuwar shekara ya ƙare. Ta yanka awakin ɗaya bayan ɗaya, ta dafa ƙasusuwan sau uku-uku har ruwan ya daina canja launi. Da sanyi ya tsananta ta shigar da tumakin cikin tanti, ta lulluɓe masu rauni da bargonta. Busasshen kashin shanun da take hura wuta da shi ya ƙare, ta ƙona gado, sannan akwatin aurenta. Wata safiya ta fita tono musu ciyawa a ƙarƙashin ƙanƙara, takalminta ya jiƙe, ba ta koma ba sai da ta cika buhu. Yatsu biyu na ƙafarta ta hagu suka yi baƙi. Da wuƙar yanka ta rabu da su.

Duk ranar biya tana hango ƙurar babura suna tafiya gari, ita tana tauna busasshen cuku da ya fi dutse tauri, tana kallon tumaki goma sha biyu masu ciki da ba ta da ikon taɓa ko ɗaya.

Huɗu suka mutu. Takwas suka haihu, ɗaya ma tagwaye.

Ni na fara isa tantinta da bazara, na same ta zaune a ƙasa don ba gado, ɗan tunkiya a cinyarta, fuskarta kamar ta gawa. Ta ce, "Kawu, ba ni da shayin da zan ba ka." Igiyar na rataye a bango. Ta ce duk wanda ya shigo da tasa igiyar zai fita da tunkiya, ko ita ke nan gare ta.

Kuɗin nan sun hana mutane da yawa mutuwa, ban musa ba, ni ma na ci burodinsu. Amma tun daga shekarar ban sake ganin an ɗaure wa kowa dabba a jikin doki ba sai a ƙofa ɗaya, ta Yanjmaa. Wanda ya ce ƙarya nake, ya ɗaura sirdi ya bi rafi zuwa bayan jan tudu, ya ƙirga abin da ke shingenta. In ya isa namiji, ya ce ta cire takalmin hagu.