Takardar da Yaya Ya Sa wa Hannu

Hutun sati biyu aka ce. Tsohon mijina direban babbar mota ne mai tsallaka iyaka, shi ya zo da kansa ya roƙe ni in ba shi 'yarmu Nana ta je ta gaida kakarta a ƙasarsu. Shekararta bakwai. Ni na haɗa mata kaya, har maganin tarinta na cusa a aljihun jaka. Sati biyu suka koma wata biyu, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Lauyar da na samu, ofishinta na saman shagon wani mai gyaran waya. Ta bar ni na gama kukana, sannan ta tura mini ruwa.

"Tsohon mijinki ya riga ki kai ƙara a can," ta ce. "Kafin a tambayi wa ya cancanci riƙon yarinya, sai an fara sanin kotun da ke da ikon sauraren maganar, tamu ko tasu. Abin da za a duba shi ne inda yarinyar ta saba zama."

"Ai a cikina ta zauna, a ɗakina ta girma!"

"Ni na yarda. Takarda alƙali yake so."

Na koma ɗaliba da girmana. Kullum da safe in bar wa abokiyar aikina shagon ɗinki, in tafi ɗakin karatu na kotu. Mai kula da wurin, wani dattijo mai gilashi ɗaure da zare, yakan ce, "Ga babbar lauya ta iso, a buɗe mata fanka." Shi ya nuna mini inda ake ajiye shari'o'in da suka haɗa ƙasa biyu. Ina karantawa da yatsa, abin da ya shige mini duhu in rubuta in kai wa lauya. Na tattaro rajistar makarantar Nana, da katin asibitinta, da wasiƙar malamarsu.

Ranar da takardun can suka iso, lauya ba ta kalle ni ba ta miƙo mini shafi na huɗu. Rantsuwa ce ta wani mai shaida, wai Nana ta fi shekara a hannun ubanta, kuma ni na ba da ita da son raina. Na duba ƙasan shafin. Sa hannun yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ya raka ni wajen lauya ranar farko, har yana cewa sai inda ƙarfinsa ya ƙare.

A garejinsa na same shi, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota. Na ɗora takardar a kan taya.

"Yaya, wannan hannunka ne?"

Ya fito yana goge baƙin mai da tsumma. Bai ma musa ba.

"Don ke na yi. Na ce in yarinya tana can, dole ki koma ɗakinki, a daidaita. Zaman me kike yi haka?"

"Ka rantse a kan ƙarya, Yaya. A kan 'yata."

"Ki rage murya, akwai mutane."

Muryata ce ta dame shi. Na ɗauki takardata na fita.

Wata takwas aka yi ana aike-aiken takardu tsakanin kotunan biyu, ana fassara, ana buga hatimi, ana ɗage zama. A ƙarshe rajistar makaranta ta kayar da rantsuwarsa, domin ta nuna Nana na aji a nan a watannin da ya ce tana can. Kotunsu ta ce maganar ba huruminta ba ce, a mayar da yarinya inda ta saba.

A ofishin bakin iyaka na karɓe ta. Ta yi tsawo, an sake mata kitso, ta tsaya tana kallona kamar tana jiran izini kafin ta taho.

Innarmu ta kira ni washegari, wai in yi haƙuri, ɗan'uwa ɗan'uwa ne, kuma ga shi yarinya ta dawo. Na ce mata na ji. Lauya ta tambaye ni ko ina so a bi maganar rantsuwar ƙarya, na ce a bar shi saboda Inna. Amma na je makarantar su Nana, na sa aka cire sunansa daga cikin waɗanda aka yarda su ɗauke ta idan an tashi.